Wa Zai Riƙe Mani Jelar Tuta?

Assalamu alaikum Goggo Bilki. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, don gidana ya zama gidan 'yan adawa, ni da ke noma abin da ake ci a cikinshi ni ne ba ni da mai goyon baya ko ɗaya. Na san maganar aure da gado da ciwo aka saba kawo maki. Ni maganar ƙwallo na kawo, kuma kada ki yi dariya ki ajiye takardata gefe, don yau kwana tara ke nan tuwo ba ya yi mani daɗi.

Na so in ɓoye sunana kamar yadda masu rubuto maki ke yi, amma ɓoyon banza ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili tsakanin Sabuwa da Ƙanƙara ya san mutum ɗaya ke ɗaukar tutar Guguwar Damari. Guguwa ita ce ƙungiyar ƙwallon garinmu. Ba ta taɓa shiga talabijin ba, ba ta da motar kanta, 'yan wasanta manoma ne da 'yan acaɓa da malamin firamare guda ɗaya da ke tsaron baya, amma ni a wurina ba a yi kamarta ba. Ko lokacin da zama ya maido ni nan Faskari shekarun baya, da ni da iyalina da mahaifiyata Hajiya, tutar na fara sawa a mota kafin tukwane.

Mahaifina, marigayi Malam Sha'ibu Tela, shi ya ɗinka tutar tun ban san dama da hagu ba. Kore ce da fari, kamu goma sha huɗu, ɗaure a jikin gora. Hajiya ta ce ba dabara ba ce ta sa ya yi ta da tsawo haka, yadi ne ya yi saura kuma zuciyarshi ta ƙi yarda ya sa almakashi. To tsawon nan shi ya zama doka. Mutum ɗaya ba ya iya mata: babba ya riƙe gora a gaba, ɗanshi ya riƙe jela a baya don kada ta ja ƙasa, in an ci ƙwallo su zagaye fili da gudu ana waƙa. Ina da shekara bakwai na fara riƙe ma Baba jela. Yayana, wanda shi ne ɗan fari, bai taɓa riƙewa ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili, kowa ya san uba ba ya jerawa da ɗan farinshi a bainar jama'a. Shekara goma sha shida ina bin bayan Baba, har ranar da gwiwa ta hana shi gudu ya miƙo mani gorar. Abin da kawai ya ce mani shi ne in nemo mai jela.

Kuskurena na farko shi ne na yi aure a Ƙetare. Ba don mai ɗakina Safara'u tana da wani aibu ba, Allah Ya sani ba ta da shi, sai don garin nasu shi ne gidan Taurarin Ƙetare, masu rawayar jesi, waɗanda tun zamanin Baba ba ma ga maciji da su. Kuma ƙaninta Gide shi ne tsohon golansu. Na sha tsayawa bayan ragarshi ina gaya mashi hannunshi rariya ne, ban san wata rana shi zai zama kawun 'ya'yana ba. Kin san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarshi, komai ya yi maka sai dai ka yi dariya. To da wannan wasan Gide ya cinye mani gida.

Kuskure na biyu na al'ada ne, wato yaye. A wajenmu yaro in ya isa a cire shi daga nono, gidan kakarshi ta wajen uwa ake kai shi ya yi 'yan makonni har ya manta. Na kai Mas'udu Ƙetare da hannuna yana tsala kuka, bayan wata biyu aka maido mani shi yana dariya cikin rawayar jesi da ta kai mashi idon sawu. Ashe kullum da yamma Gide ke ɗora shi a wuya ya kai shi fili, ya saya mashi rake, ya tsayar da shi tsakiyar raga ya ce shi ne gola. Yanzu shekararshi goma, kuma in ana hira ya ce “mu” to Ƙetare yake nufi, a gabana, yana cin tuwon masarata.

Da aka zo kan ƙaninshi Nasir sai na yi wayo. Na ce ba inda za a kai shi, Hajiya ta yaye shi a nan gida. An yi mani surutu har daga Ƙetare, na toshe kunne. Na kuɓutar da shi daga Gide kam, amma sai ya tashi a shekarun nan da hanya ba ta biyuwa, aka dakatar da gasar da garuruwanmu ke yi bayan girbi, yara ba su ganin ƙwallo sai a gidan kallo. Shi ɗan Madrid ne. Shekararshi takwas, ya san sunan kowane ɗan wasansu har da masu ɗumama benci. Ran nan ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, wai Guguwa a wace ƙasa take buga wasa.

Ba zama na yi ba Goggo. Na sa an ɗinka masu korayen riguna. Ta Mas'udu da ita yake goge sirdin kekena, ta Nasir tana kan akurkin tantabarunshi tana tare masu rana. Kusan kullum in mun dawo gona bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma tsakar gida in zaunar da su in ba su tarihi: yadda tsohon ɗan gabanmu Dogo Mai Kan Ƙarfe ya ci Ƙetare uku da ka a rana ɗaya, yadda aka yi wasa cikin ruwan sama a Sabuwa har ƙwallo ta riƙa iyo, da waƙar da ake yi in ana zagayawa da tuta, baiti-baiti. Mas'udu ya ce ai Kawu ya ce biyu daga cikin ukun satar gida ce. Nasir ya yi hamma.

Akwai wata kuma, babbarsu. Ita ce ta fari, shekararta goma sha biyu, kuma sunan Hajiya ta ci, kin ga kunya biyu ta haɗu wuri ɗaya. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko na wasan da 'yan gida ke kiranta da shi. Ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba ko tana jaririya. In ina son ruwa sai in ce a kawo ruwa, sai ruwa ya zo. Haka Baba ya yi da Yaya, haka na tashi na ga ana yi. Ga shi a Ƙetare aka haife ta da uwar ta je goyon ciki, can aka yi wankan jego, can aka yaye ta. Don haka ko a mafarki ban taɓa sa ta cikin maganar tuta ba, na ɗauka tun tana tsumman goyo ta zama ta Gide.

Bana Allah Ya kawo sauƙi aka dawo da gasar. Na kwance tuta na wanke, amma ba mai jela. 'Ya'yan abokai da nake aro da duk sun girma sun fi ƙarfin aikin. Sai na riƙa naɗe jelar a wuyana kamar mai mura, abokaina suna ce mani mai 'ya'ya uku ba magaji. A wasan da muka yi a Sabuwa, da aka ci ƙwallo na zabura, jelar ta warware ta harɗe mani ƙafa, na faɗi rub da ciki gaban manyan baƙi. Wani mara aikin yi ya ɗauka a waya, ta kai hannun Gide, shi kuma ya tura ma duk wanda ya sani har da wanda bai sani ba.

Kwana tara da suka wuce aka yi wasan kusa da na ƙarshe, mu da Taurari, a filin Ƙetare. Ya zo daidai da sunan ɗan da aka haifa ma Gide, don haka Safara'u da yara duk suna can tun jajibiri. Fili ya cika maƙil. Surukina Alhaji yana kan kujera ƙarƙashin iccen bedi shi da dattawan gari, ga tsofaffin abokan Baba da suka zo daga Damari a gefensu. Ana ɗaya da ɗaya, saura kamar minti goma a tashi, sai malamin firamaren nan namu, wanda bai taɓa cin ƙwallo ba a rayuwarshi, ya sa kai a bugun kwana ta faɗa raga.

Na ɗaga gora na zuba da gudu. Jelar ta sake warwarewa daga wuyana, na ce shi ke nan yau ma zan sha ƙasa, a garin surukai kuma. Sai na ji tutar ta yi sauƙi. Ta miƙe gaba ɗayanta tana kaɗawa, yadda rabona da in ji ta haka an yi shekaru. Wani ya riƙe jela, kuma ya iya, don ba ya ja ba ya saki. Na ce a raina alhamdu lillahi, Mas'udu ya tuba. Na ci rabin fili da wannan murna har da ƙwalla. Sai da na zo daidai gaban kujerar Alhaji sannan na waiwaya.

Ita ce, babbarsu. Ta watsar da takalma, hijabinta na tashi a baya, ta ɗaga jelar da hannu biyu sama da kai yadda Baba ya koya mani, tana rera baitin nan na uku da ko 'yan Damari sun manta shi. Dariya take yi. Goggo, ban san yarinyar nan tana da wushirya irin ta Baba ba sai ranar.

Wani ya ɗaga murya ya ce mai tuta ya samu magaji, aka ɗauki tafi da shewa. Na ga Alhaji ya gyara zaman tabarau yana kallona, na ga abokan Baba suna kallona. Kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa, ga ni tsaye tsakiyar fili ni da 'yar farina a gaban suruki. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji: “Ɗiyar wa ce wannan? Ku janye ta, za ta yaga mamu tuta.”

An yi dariya, don an san irin maganar da iyaye ke yi ke nan. Ita ba ta yi ba. Ta tsaya, ta ninke jelar a hankali, ta zo ta ɗora mani a hannu don kada ta taɓa ƙasa, ta koma neman takalmanta. Mun ci biyu da ɗaya, karo na farko da muka doke Ƙetare a gidansu tun ina saurayi, amma ko tsokanar Gide ban iya yi ba.

Tun da muka dawo ba ta yi mani komai ba. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ruwa yana zuwa in na ce a kawo. Amma Safara'u ta zaunar da ni ta gaya mani abin da ban sani ba a gidana. Wai duk shekarun nan da nake ba yaran tarihi, ita tana bayan zanan madafa tana ɓarar gyaɗa tana haddacewa. Wai inda ɓera ya ci tutar bara, da na yi ta yaba ɗinkin Safara'u, ita ta ɗinke. Wai sau uku Gide na kawo mata rawayar jesi tana ba 'ya'yan maƙwabta, har a Ƙetare 'Yar Guguwa suke ce mata. Yanzu in na shimfiɗa tabarma sai ta ɗauki farantin gyaɗarta ta shige ɗakin Hajiya. Safara'u ta ce ita dai 'yar Ƙetare ce ba ruwanta, an fitar da su daga gasa amma sun ga abin da ya fi kofi, mutum ya kori mai goyon bayanshi ɗaya tilo da bakinshi. Gide kuma ya aiko wai yana godiya da na sallamo mashi 'yar wasa kyauta. Shekaranjiya na yi niyyar in ce ma yarinyar wani abu, na je har bakin madafa na tsaya, abin da ya fito daga bakina shi ne a duba ko an ba awaki dusa.

Na kai ma Hajiya maganar. Ta ce daidai na yi, a zamaninsu uban da aka ga yana tsere da ɗan farinshi sai ya bar gari don surutu, balle ɗiya mace cikin taron samari. Ta ce in bar zancen. Sai dai kafin in tashi ta tambaye ni ko takwarar tata ta riƙe jelar da kyau, na ce ta riƙe. Na kai bakin ƙofa ta sake tambaya ko da gaske ba ta bari ta taɓa ƙasa ba.

Asabar ta sama za a yi wasan ƙarshe, a nan Faskari, a filin da ke bayan gidanmu. Ba zan iya shiga da jela a wuya ba, mutuncin Baba ne. Ga abin da nake so ki gaya mani. Tunda an fitar da Taurari, Mas'udu ba shi da ƙungiya yanzu, in yi mashi alkawarin keke ya riƙe mani? Ko in nuna mashi ni ne uba in ba shi umurni kawai? Ko in hana Nasir gidan kallo har sai ya haddace waƙar? Kuma ya halatta mutum ya hana ƙanin matarshi shigowa gidanshi har a gama gasa? Sannan in kin san maganin abin nan da ke tokare mani ƙirji in yarinyar ta ajiye ruwa ta juya, shi ma ki gaya mani, don mu muka ci wasa amma ji nake kamar mu aka fitar.

Naki,
Mai Tuta Ba Jela, Faskari

Wa alaikumus salam Malam Mai Tuta. Na yi dariya kam, ba zan ɓoye maka ba, musamman wajen faɗuwar Sabuwa, kuma in hoton yana nan a turo mini. Amma da na zo ƙarshe dariyar ta tsaya. Tambaya huɗu ka jero mini a kan yara maza da kawunsu, sannan ka saƙala ta biyar a ƙasa kamar wadda ba ta da muhimmanci, alhali ita kaɗai ce ta hana ka cin tuwo. Bari in sallami huɗun da sauri mu zo kanta.

Kada ka sayi Mas'udu da keke. Zai karɓa, zai riƙe jelar da rawayar jesi a ƙarƙashin riga, kuma baɗi sai ka nemo babur. Kada ka ba shi umurni, don yaron da aka tilasta wa riƙo yana sane zai bari ta ja ƙasa. Kada ka hana Nasir gidan kallo, ka dai tsare masa lokacin salla da na karatu. Shi kuwa Gide bar shi ya shigo, a ba shi ruwa ma. Ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka: shi ya ɗora yaro a wuya, ya saya masa rake, ya sa shi cikin raga, kai kuma ka shimfiɗa tabarma ka buɗe darasi. Yaro ba launin riga yake bi ba, wanda ya ɗauke shi ya kai shi fili yake bi. Kai ma ba don Guguwa ta fi kowa iya ƙwallo ka so ta ba, don kana gudu a bayan babanka ne. In kana son Nasir ya san ƙasar da Guguwa take, ka riƙe hannunsa ranar wasan ka kai shi, ka cika masa aljihu da gyaɗa, kada ka ambaci Dogo Mai Kan Ƙarfe ko sau ɗaya. Wata rana kuma ka bi shi gidan kallo ya ba ka nasa tarihin. Ka yi hamma in ka ga dama, amma ka zauna har a tashi.

Yanzu maganar 'yata, tunda kai ba ka iya faɗa bari ni in ce 'yata. Ba zan zagi alkunya ba, don ni ma 'yar fari ce. Mahaifina har ya koma ga Allah bai kira sunana ba. Amma duk ranar kasuwa in ya dawo da tsire zai miƙa wa mahaifiyata ya ce a ba yara, da wani ƙunshi daban a gefe wanda ba ya cewa na wane ne, kuma kowa a gidan ya san nawa ne. Iyayenmu ba don ƙi suka yi wannan kawaicin ba. Sun yi ne don kada mutum ya riƙa rawar kai da abin da Allah Ya ba shi, kuma don yaro ya san dangi duka iyayensa ne. Na kuma fahimci halin da ka shiga, ga suruki, ga abokan mahaifinka, ga jama'a ana tafi. Waɗanda suka fi ka shekaru ma da sun rikice.

Sai dai ga inda ka kuskure. Mai alkunya sunkuyar da kai yake yi ya yi shiru. Da ka juya ka ci gaba da gudu kamar ba ka ga kowa ba, da ka cika al'ada, ita ma ta cika burinta, kowa ya tafi gida lafiya. Kai magana ka yi, da ƙarfi, kuma ba ka tsaya ga tambayar ɗiyar wa ce ba, wadda tsofaffi ke yi suna murmushi, sai da ka ce a janye ta. Manya sun ji wasa. Ita shekararta goma sha biyu, kuma in ban yi kuskure ba wannan ce magana mafi tsawo da ka taɓa yi a kanta tana ji. Yarinyar da ta ƙi rigar kawunta sau uku, rigar garin da aka haife ta, ba ƙwallo kaɗai take so ba. Ta duba ta ga hanyar da ake bi a zo kusa da kai ke nan, ita ce ta bi.

Kafin ka ce mini haka aka gada, ka buga wa yayanka waya. Ka tambaye shi inda yake tsayawa a shekaru goma sha shidan nan da kake zagaya fili da babanku. Wataƙila ya ce bai damu ba. Wataƙila kuma ka ji abin da zai sa ka nemi wuri ka zauna. Ka rubuta cewa ba wanda ya taɓa tambaya, to kai ka zama na farko.

Maganar Hajiya ta 'ya mace cikin taron samari gaskiya ce, kada ka yi wasa da ita. Filin wasan ƙarshe ba tsakar gida ba ne, akwai turereniya, akwai bakin mutane. Amma abu ne mai gyaruwa, tunda filin bayan gidanku yake. A kai wa Hajiya kujera gefen da mata ke tsayawa, Safara'u na kusa, yarinya ta zauna wurinsu cikin suturarta, ba ta shiga fili sai an ci ƙwallo, in an zagaya ta dawo. Gide ya tsaya yana kore masu matsowa, wannan ne hukuncinsa, kuma a rataya masa koriyar rigar nan ta kan akurki a kafaɗa. Kada ka ji tsoron Hajiya ba za ta yarda ba. Tsohuwar da ta tambayi abu sau biyu bayan ta ce a bar zancen ta riga ta sauko, hanyar da ba za ta ji kunya ba take nema. Ka tuna a gabanta aka ɗinka tutar nan. Ka roƙe ta ta miƙa wa takwararta jelar da hannunta. Abin da kaka ta ba jikarta ba mai cewa uba ya yi rashin kunya, ko Alhajin Ƙetare sai dai ya sa albarka. Kai naka ka riƙe gora ka kalli gabanka.

Amma duk wannan na biyu ne, ban yarda ka fara da shi ba. In ka aika mata Hajiya da tuta kafin ka gyara abin da ka ɓata, za ta ɗauka maza ne suka ƙi shi ya sa aka tuna da ita, kuma da gaskiyarta. Wannan saƙon ba na aike ba ne, kai za ka kai shi. Gobe da rana, ba sai gaban kowa ba, in ta kawo ruwa ta ajiye kada ka bari ta juya. Ban ce ka kira sunanta ba, ban ce ka rungume ta ba, na san ba za ka iya ba, ita ma sai ta firgita. Ka kalli tabarma in ka ga dama. Ka gaya mata abin da ka faɗa a Ƙetare ba ka kyauta ba. Sannan ka ba ta amsar tambayar da ka yi a gaban jama'a, ka ce: “Na san ɗiyar wa ce. Tawa ce.” Numfashi ɗaya ya ishe ka, kuma ba ka karya al'adar kowa ba.

Kada ka haɗa wannan da maganar wasan ƙarshe a zama ɗaya, ka bar kwana biyu tsakani. Ka kuma shirya, tana iya cewa ba ta riƙewa. In ta ce haka kada ka tsananta, kada ka yi fushi, ka naɗe jelarka a wuya ka shiga fili, in faɗuwa ce ka sake faɗuwa, ai ta Sabuwa ba ta kashe ka ba. Mutuncin Malam Sha'ibu, Allah Ya jiƙansa, ba zai zube don yadi ya taɓa ƙasa ba. Kofi in ya kuɓuce bana akwai baɗi. Yarinyar ce ba za ta sake zama 'yar shekara goma sha biyu ba. Nan da 'yan shekaru makaranta ko ɗakin kanta zai ɗauke ta daga tsakar gidanka, kuma abin da za ta tafi da shi shi ne maganar da ta ji ka yi a kanta. Wadda take riƙe da ita yanzu ta Ƙetare ce, ta yi kwana tara da ita, kada ka bari ta ƙara mako.

Allah Ya ba Guguwa sa'a, Ya shirya maka Mas'udu da Nasir ko da a ƙungiyoyinsu za su tsufa, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. 'Yata kuma Allah Ya raya ta, Ya ba ubanta ƙarfin halin buɗe baki.

Goggo Bilki